Filaya komai-da-ruwanka: Abin da masu ita ke yabo da abin da suke kushewa a Gusau, Tsafe da Bungudu

Idan an naɗe ta, tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Idan an buɗe ta sai ta zama filaya, a cikin hannayenta biyu kuma a tarar da wuƙa da zarto da magagari da almakashi da sukundireba da basilla, har da mabuɗin gwangwani.

Wannan ita ce filaya mai naɗewa, wadda ta cancanci a kira ta komai-da-ruwanka. Akwai ƙanana da ake maƙalawa a jikin makullin mota, akwai kuma manya masu nauyi da aka ƙera domin aikin ƙarfi. Manyan ne ake gani a hannun wasu 'yan kabu-kabu da direbobi da masu haɗa sola a Gusau, da masu zirga-zirga a hanyar Tsafe, da manoman rani a Bungudu.

Bakin masu ita bai zo ɗaya ba. Sun yarda cewa bakin filayar da makullinta su ne ranta. Sun saɓa a kan nauyinta da wuƙarta da kuma kuɗinta. Abin da kusan babu mai damuwa da shi a cikinsu shi ne wanda 'yan kasuwa suka fi tallatawa, wato yawan kayan aikin da aka rubuta a jikin kwali.

Lalacewar abin hawa a hanya ba ƙaramin abu ba ne

A wasu wuraren, idan babur ya tsaya a hanya, asarar ba ta wuce ta lokaci ba. A Zamfara lissafin ya sha bamban. Hanyar da ta tashi daga Gusau ta bi ta Kwatarkwashi da Tsafe ta nufi Funtuwa ta sha fama da hare-haren 'yan bindiga da satar mutane, haka ma ƙananan hanyoyin da ke shiga ƙauyukan Bungudu. Duk mintin da mutum ya ƙara a gefen titi, musamman idan rana ta yi sanyi, ƙarin haɗari ne.

Mutane da dama ba su manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar, gwamnatin Bello Matawalle kuma ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita hawan babur da dare. Katsewar ta ɗauki makonni a Gusau, ta fi haka daɗewa a sauran ƙananan hukumomi. A wancan lokaci, wanda abin hawansa ya lalace ba shi da hanyar kiran bakanike. Abin da ke aljihunsa da abin da ke kansa su kaɗai ne gatansa.

Kuma yawancin abin da ke tsayar da babur ko injin ban-ruwa ƙananan matsaloli ne: wayar kuloci ko ta totur ta tsinke, kan batir ya saki, tiyon mai ya tsage daga baki, fiyus ya ƙone, datti ya toshe kafireto. Duk waɗannan filaya da wuƙa da sukundireba na iya magance su, ko a ƙalla su lallaɓa abin hawan ya kai gari. Wannan ne ma'aunin da masu ita ke auna ta da shi: za ta tayar da ni daga nan kafin magariba?

Daga ina ta fito?

Haɗa kayan aiki da yawa a wuri ɗaya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Wanzami yana da zabirarsa, matafiyi da makiyayi kuma sun daɗe suna rataye matsefata saboda ƙaya. A gidan tarihi na Fitzwilliam da ke Kambirij a Ingila ma akwai wani ƙarfen azurfa mai naɗewa na zamanin Rumawa, wanda aka ƙera tsakanin shekara ta 200 zuwa 300 miladiyya, ɗauke da cokali da cokali mai yatsu da wuƙa da tsinke.

A Suwizalan, Karl Elsener ya buɗe maƙerarsa a garin Ibach a 1884, ya fara ƙera wa sojojin ƙasar wuƙar aljihu a 1891. Maƙerar ce ta zama kamfanin Victorinox. Sai dai a waccan ƙira wuƙa ce uwa, sauran kayan 'ya'ya ne.

Wanda ya juya lamarin, ya mayar da filaya uwa, wani injiniya ne ɗan Amurka mai suna Tim Leatherman. A 1975 shi da matarsa sun yi doguwar tafiya a Turai cikin wata tsohuwar Fiat da suka saya dala 300. Motar ta yi ta lalacewa, shi kuma wuƙar aljihu kawai gare shi, kullum yana neman filaya. Da ya koma gida ya shafe shekaru yana gwaji, har a 1983 shi da abokinsa Steve Berliner suka kafa kamfani a birnin Portland na jihar Oregon. Odar farko da suka samu ta guda 500 ce daga shagon Cabela's.

Ke nan matsalar da ta haifi wannan filaya ita ce dai matsalar ɗan kabu-kabun Tsafe: tsohon abin hawa, doguwar hanya, babu gareji kusa.

A yau manyan samfuran da ake kwatanta saura da su sun haɗa da Surge na Leatherman, wadda ta fito a 2005 da kayan aiki 21, da Super Tool 300 mai kayan aiki 19 da ta fito a 2009, da SwissTool na Victorinox da aka fara sayarwa a 1997, da MP600 na kamfanin Gerber wadda sojojin Amurka suka daɗe suna amfani da ita. Mafi yawan waɗanda ke hannun jama'a a nan kuwa ƙirar Chana ce, an kwaikwayi siffar waɗancan, wasu da sunan kamfaninsu, wasu babu suna ko kaɗan.

Bakin filaya: inda kowa ya yarda

Ko ɗan kabu-kabu ko manomi ko mai haɗa sola, abin da suka fi buɗewa shi ne filayar kanta. Ƙirarta ta haɗa baki biyu: siririn tsini a gaba domin shiga lungu da ciro ƙaramin abu, da faffaɗan wuri mai haƙora a tsakiya domin damƙe noti ko bututu. Can ciki, kusa da mahaɗa, akwai wurin yanke waya.

Masu yabo suna son tsinin, domin da shi ake zaro guntuwar wayar da ta tsinke a cikin hannun kuloci, ko a matse kilif ɗin tiyo. Masu kushe kuma sun san rauninsa. An ƙera bakin ne domin matsewa da ja, ba ya jure murɗawa gefe da gefe. Wanda ya damƙi ƙarfe mai kauri da tsinin ya murɗa da ƙarfi yana iya karya shi, ko da kuwa ta asali ce. A kan jabu kuwa ba sai an yi wani ƙarfi ba.

Wurin yanke waya shi ne ya fi raba gangariya da tarkace. Wayar kuloci da ta birki siraran zaren ƙarfe ne da aka tufka. Mai kyau tana datse su lokaci ɗaya. Marar kyau sai ta tauna su, bakin wayar ya watse kamar tsintsiya, ya ƙi shiga rami. Idan kuma aka gwada ta a kan ƙusa ko wayar shinge, sai haƙoran su lotsa, daga nan filayar ta riƙa cijewa idan an zo buɗe ta.

Saboda haka ne masu Surge da Super Tool 300 ke alfahari da cewa haƙoran yankan nasu ana kwance su a sa sababbi, kuma da ƙarfe mai tauri da ake kira 154CM aka yi su. Masu ɗaya ra'ayin na ganin wannan alfahari bai da amfani sosai a nan, tunda sababbin haƙoran ba abin da za ka shiga kasuwar Gusau ka saya ba ne, sai an yi odar su. SwissTool ba a sauya haƙoranta, idan sun lotsa sai dai a bi su da magagari.

Akwai kuma ƙirar kamfanin SOG, wadda aka sa wa haƙoran giya a mahaɗa domin ninka ƙarfin matsi. Tana taimaka wa mai yanke waya mai tauri, amma dole a buɗe hannayenta sosai kafin bakin ya buɗe kaɗan, abin da ke wahalar da mai ƙaramin hannu.

Nauyi: an ƙera ta don mai bel, mu kuma zariya gare mu

Nan ne gardama ta fi zafi. Surge tana da nauyin giram 335, wato kusan kashi biyu cikin uku na ledar fiya-wata. Super Tool 300 giram 272 ce. Ƙanwarsu Wave, wadda aka fara fitarwa a 1998, samfurinta da aka sabunta daga baya giram 241 ne.

Waɗanda suka ƙera su sun yi tunanin mutum mai wandon jins da bel, shi ya sa kubenta ke zuwa da madauki na bel. Amma mafi yawan maza a Gusau da Tsafe da Bungudu kaftani suke sawa da wando mai zariya. Babu inda za a rataye kuben. Idan aka jefa ta a aljihun gefe sai ta ja rigar ta karkace, tana dukan cinya, a hankali kuma ta huda aljihun. Idan ta haɗu da waya a aljihu ɗaya, gilashin wayar ne zai ji a jikinsa.

Masu goyon bayan nauyi na cewa ƙarfe ne ake saya, kuma hannu mai kauri da tsawo shi ke ba da ƙarfin matsi. A ganinsu, wadda ba ta da nauyi ba za ta yi aikin da ake nema ba.

Masu adawa kuma hujjarsu mai sauƙi ce: filayar da nauyinta ya sa aka bar ta a gida ba ta da amfani ranar da babur ya tsaya bayan Kwatarkwashi. Gara matsakaiciya da kullum tana jiki.

Mutane sun samo wa kansu mafita. Wasu na kai ta wurin dukawa a ɗinka mata kube na fata mai igiyar ratayawa a kafaɗa, a sa a ƙarƙashin riga. 'Yan kabu-kabu kan naɗe ta a tsumma su ajiye tare da sifanun babur. Manomin rani kuwa sau da yawa a buhun da ke ɗauke da igiyar tayar da inji da man juye take zama. Masu haɗa sola da masu ɗaura dish, waɗanda galibi ke sa wandon aiki mai bel, su ne ba su da wannan kuka, kuma su suka fi yabon manyan: mutum na kan tsani ko kan rufin kwano, ba ya son saukowa neman almakashi.

Makulli da hannu: maganar yatsu ce

Abu na biyu da kowa ya yarda da shi shi ne makulli. Samfurin farko da Leatherman ya fitar a 1983 ba shi da makulli, kuma gefen hannayensa na cizon tafin hannu idan an matsa da ƙarfi. Kamfanonin sun gyara waɗannan a samfuran baya: an lanƙwasa gefen hannayen, an kuma sa wa kowane ƙarfe sakatar da ke riƙe shi idan an buɗe.

Sai dai da yawa daga cikin masu araha har yanzu tsohuwar ƙirar suke bi. Haɗarin a bayyane yake. Mutum na danna sukundireba da ƙarfi a kan sukurun da ya cije, sai ta naɗe ta dawo kan yatsunsa. Idan wuƙa ce ta naɗe, sai asibiti. Ga wanda hannunsa ne jarinsa, raunin yatsa na nufin kwanaki babu aiki.

Akwai saɓani kan ta ina ya kamata kayan su buɗe. A jikin Surge da Wave, wuƙaƙen na waje, ana buɗe su da babban yatsa ba tare da an buɗe filayar ba. Wanda hannunsa ɗaya ke riƙe da tiyo ko waya yana son haka. A jikin Super Tool 300 komai na ciki, sai an buɗe hannayen kafin a zaro. Masu ita na cewa jinkirin bai dame su ba, domin hannun ya fi daɗin matsawa, ga shi babu wuƙar da za ta buɗe da kanta a cikin jaka. SwissTool duk kayanta ta waje suke buɗewa, amma da farce ake zaro su, sai da hannu biyu. Gerber MP600 kuwa bakinta zamewa yake daga ciki, ana iya fito da shi da girgiza hannu ɗaya, ko da yake masu ita na kukan tana ƙwaram-ƙwaram kamar ta saki.

Abin da ba za ta iya ba

Ƙwararrun kanikawa su ne suka fi raina ta, kuma suna da hujja. Babur irin Boxer da sauran da ake kabu-kabu da su notuna ne suka riƙe su, masu lamba 10 da 12 da 14 da 17. Noti sifana yake so. Idan aka kama shi da filaya aka murɗa, haƙoranta na cinye kusurwoyinsa har ya zama mulmulalle, daga baya ko sifanar ma ba za ta kama shi ba. Gyaran minti biyar sai ya koma na mai walda.

Fulogi ma yana da sifanarsa ta musamman. Taya kuma ba ta fita da filaya.

Sukundirebar ita ma tana da nata. Surge da Wave suna amfani da ƙananan kawuna masu faɗi da ake cirewa a juya, gefe ɗaya filat, ɗaya gefen mai bakin tauraro da kanikawa ke kira sita. Dabarar tana da kyau a takarda, amma kan gajere ne, ba ya kai wa ga sukurun da ke cikin rami, kamar na jikin janareta ko fanka. Idan kuma ya faɗi cikin yashi ko cikin ruwan fadama, shi ke nan, domin ba irin kawunan da ake sayarwa a shagunan kayan aiki ba ne. Wannan ya sa wasu suka fi son Super Tool 300 da SwissTool, waɗanda sukundirebobinsu a manne suke, babu abin da zai ɓata.

Masu gyaran wayar hannu kuwa ba su da abin yi da ita, sukurun waya sun yi mata ƙanƙanta.

Zarto da magagari suna da masoya a cikin manoma da masu aikin famfo. Zarton na yanke bututun roba da reshe mai kaurin hannu. A jikin Surge ana iya cire shi a sa ruwan zarton inji irin wanda kafintoci ke amfani da shi, har da mai yanka ƙarfe, kuma wannan na cikin abubuwan da masu ita suka fi yabo. Basillar kuma tana ɗinke buhu ko takalmi ko sirdin babur. Mabuɗin gwangwani da na kwalba da rula su ne 'yan rakiya: suna cika lissafin 19 ko 21, amma wani sai ya shekara bai buɗe su ba.

Wuƙa da shingen bincike

A ko'ina wuƙa na cikin abin da ake sayen wannan filaya dominsa. A Zamfara ita ce ɓangaren da ya fi sa mai ita tunani. Ruwan wuƙar Surge ya kusa santimita 8, kuma guda biyu ne, ɗaya mai santsi, ɗaya mai haƙora domin yanke igiya da tiyo.

Hanyoyin jihar cike suke da shingayen bincike na sojoji da 'yan sanda da Askarawan Zamfara, waɗanda Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a watan Janairun 2024. Matashi a kan babur, da wuƙa mai makulli a ƙugunsa, yana iya shan tambayoyin da bai shirya musu ba, ko da kuwa niyyarsa gyaran tiyo ce.

Wasu masu ita na ganin siffarta ce kariyarta: duk wanda ya buɗe ya ga filaya ya san kayan aiki ne. Wasu kuma ba su yarda su dogara da fahimtar wanda ya tsayar da su ba. Abin da masu hankali a cikinsu ke yi shi ne ajiye ta tare da sauran kayan gyara maimakon a jiki, su faɗa da bakinsu cewa tana nan kafin a fara lalube, su kuma riƙe katin shaidar sana'a ko na ƙungiya. Kamfanin Leatherman ma yana da samfurin Rebar da aka yi ba tare da wuƙa ba, saboda wuraren aikin da aka hana shiga da ita.

Masu niyyar Hajji ko Umara su ma su kiyaye: ba a shiga jirgin sama da ita a jakar hannu. Wanda bai sa ta a babbar jaka ba, a filin jirgi zai rabu da ita.

Ba ta aikin wuta ba ce

Wannan gargaɗi ne da masu wayarin suka fi nanatawa. Filayar daga kanta har ƙafarta ƙarfe ce, babu roba a hannunta. Wutar gida da kamfanin Kaduna Electric ke rabawa a Zamfara, da ta janareta, da ta inbata, duk kusan bolt 230 ce, kuma tana kisa. A garin da ake ɗauke wuta a dawo da ita ba sanarwa, wayar da ka taɓa babu komai yanzu tana iya zama mai rai bayan daƙiƙa ɗaya.

Batirin sola ma ba abin wasa ba ne. Idan ƙarfen ya haɗa kawunan batir biyu, tartsatsin na iya ƙona hannu, ya narkar da bakin filayar. Mai aikin wuta na gaskiya yana amfani da filaya mai rufin roba da aka rubuta wa bolt 1000. Komai-da-ruwanka tana fere waya, tana matse kan waya, amma sai bayan an kashe wuta an tabbatar.

Ƙura, zufa da tsatsa

Da yawa sun ɗauka tunda farin ƙarfe ce ba za ta yi tsatsa ba. Tana yi. Ƙarfen da ake kira 420HC, wanda Leatherman ke yin yawancin wuƙaƙensa da shi, yana jure tsatsa ne kawai, kuma gishirin zufa da ruwan fadama da takin zamani na cin sa. Manoman da ke aiki a bakin Gulbin Sakkwato, wanda ya ratsa Gusau ya bi ta Bungudu, su suka fi ganin jajayen ɗigo a mahaɗar tasu. Alherin wannan ƙarfe shi ne yana wasuwa da sauƙi a kan dutsen washi na gida. Masu SwissTool na yabon santsin jikinta, wanda ke sa ta fi jure tsatsa.

Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a zuba mata baƙin mai. Man na kama ƙura, su haɗu su zama kamar taɓo, mahaɗar ta cije, makullin ya daina kamawa sosai. Hanyar da ta fi ita ce a wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, a shanya ta bushe sarai, sannan a ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowace mahaɗa, a goge ragowar. A watannin Maris da Afrilu kuma, wadda aka bari a rana kan sirdin babur ba ta taɓuwa da hannu.

Kuɗi: ta asali, ta gwanjo ko ta Chana?

A 2024, sabuwar Surge a Amurka ta kai wajen dala 150. Bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024. A wannan lissafi kuɗinta ya wuce naira 200,000 tun kafin a sa kuɗin kawowa, wato ya zarce albashin wata uku na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yulin 2024.

Shi ya sa waɗanda ke riƙe da ta asali galibi a kayan gwanjo suka tsince ta, ko wani ɗan'uwa ya kawo musu tsaraba daga waje. Saura kuwa ta Chana suke saya, a shagunan kayan aiki ko ta intanet.

Masu ta asali na kafa hujja da cewa araha ba ta ado: wanda ya sayi jabu uku a shekara biyu, in ba ƙira me ya ci gawayi? Suna kuma ambaton garantin shekara 25 da Leatherman ke bayarwa. Masu ta Chana na mayar da martani cewa garantin sai an aika da filayar ga kamfanin ko wakilinsa, kuma ga mutumin Tsafe kuɗin aikawa da jiran dawowa sun isa su sa ya haƙura. Sun ƙara da cewa kayan aiki a nan aro ake yi, kuma abin aro ba kullum yake dawowa ba. Ɓatan mai araha ciwon kwana ɗaya ne.

Ya kamata a bambanta abu biyu. Akwai kamfanonin Chana da ke sa sunansu a jikin kayansu, wasunsu kuma suna da inganci daidai kuɗinsu. Birnin Yangjiang da ke lardin Guangdong ya shahara a duniya wajen ƙera wuƙaƙe da almakasai. Akwai kuma jabu, wadda aka buga wa sunan Leatherman ko Victorinox domin a sayar da ita da tsada. Ta biyun ce ke cutar mai saye sau biyu, a kuɗi da kuma a aiki.

Idan bakin ya karye, kai ta wurin mai walda ba ya mayar da ita yadda take. Zafin walda na kashe taurin ƙarfen, wurin kuma zai sake karyewa.

Kafin ka miƙa kuɗinka

Masu daɗewa da ita suna da 'yan gwaje-gwajen da ba sa ɗaukar minti biyar a gaban mai shago.

Ka rufe bakin ka ɗaga shi wajen haske. Tsinin biyu su haɗu daidai, kada ɗaya ya zarce ko ya kauce.

Ka riƙe hannayen biyu ka girgiza su gefe da gefe. Idan mahaɗar na rawa tun tana sabuwa, gaba sai abin da ya ƙaru.

Ka tafi da guntuwar tsohuwar wayar kuloci ka yanke. Idan ta tauna maimakon ta datse, ka ajiye.

Ka buɗe wuƙa da sukundireba ɗaya bayan ɗaya, ka danna bayansu a hankali a jikin katako, yatsunka na nesa da hanyar naɗewa. Wadda makullinta ya saki ba ta cancanci ko naira ɗaya ba.

Ka matse hannayen da iya ƙarfinka. Idan gefensu ya ci tafinka a shago, zai fi haka a bakin aiki.

Idan ta gwanjo ce aka ce maka Leatherman ce, ka duba cikin hannayen. Kamfanin kan buga lambobi huɗu da ke nuna wata da shekarar da aka ƙera ta. Rubutun ta asali a tsabtace yake, kayan kuma na buɗewa ba tare da gargada ba.

Daga ƙarshe ka tambayi kanka a ina za ta riƙa zama. Idan kana sa bel ko kana da jakar aiki, babba za ta yi maka. Idan kaftani ne suturarka, matsakaiciya ta fi. Idan kuma babur ne abincinka, ka haɗa ta da sifana mai lamba 10 da 12 da 14 da 17, da sifanar fulogi, da sabon fulogi ɗaya, da wayar kuloci ta ajiya, ka naɗe su wuri ɗaya kafin ka kama hanya.